Ina Son Fiziks, Ina Son Rashanci, Ga Gonar Baba Za Ta Tafi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 19 daga Funtuwa. Na gama sakandare bara, fiziks da lissafi ne darussan da na fi ƙarfi a kansu, kuma bana na sami gurbin karanta fiziks a wata jami'ar tarayya a nan Arewa. Damuwata ita ce ina son harshen Rasha kamar yadda nake son fiziks. Kawuna, Allah ya jiƙansa, a Tarayyar Sobiyet ya yi karatu, ya yi aiki a kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, ya rasu ya bar mana akwati cike da littattafan Rashanci da ba mai iya karanta su a gidanmu. Tun ina yaro nake buɗe su ina kallon lissafin ciki. Ina neman jami'a mai araha wadda ta ƙware a fannonin biyu, in fito da digiri a kansu duka. Wani ejan ya ce zai samo mini gurbi a Mosko har da aikin yi, in an biya shi kafin ƙarshen wata. Babana ɗan fansho ne, ya ce in ta kama zai sayar da gonarsa. Har yanzu ban yi rajista a jami'ar nan ba. Mece ce shawararka?

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa can ta fi masa nan.

Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka je ka yi rajista a jami'ar da ta ba ka gurbi. Ka biya, ka karɓi lambarka, ka adana rasit. Sannan ka durƙusa gaban Baba ka ce masa wani tsohon malamin makaranta yana gaishe shi, yana kuma roƙonsa ya bar gonarsa inda take. Duk abin da zan faɗa maka ba ya buƙatar a sayar da ko kunya ɗaya.

Jami'ar da ke cikin ranka, wadda za ta ba ka digiri ɗaya mai kai biyu, fiziks a dama Rashanci a hagu, tsarin Amurkawa ne. A can ɗalibi kan shiga bai ɗaure kansa da wani fanni ba, ya ɗanɗana nan ya ɗanɗana can, daga baya ya zaɓi ɗaya ko biyu. Mu a nan JAMB kwas ɗaya take ba ka a tsangaya ɗaya. Rasha ma haka take, har ta fi mu tsauri, don ranar da ka shiga sashen fiziks an riga an tsara maka jadawalin shekarun duka. Amurka kuwa, manyan jami'o'inta masu zaman kansu kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 60,000 a shekara. Akwai 'yan ƙalilan, irin su MIT da Harvard da Princeton da Yale da Amherst, waɗanda in suka ɗauke ka sukan cike abin da iyayenka suka kasa, ko daga wace ƙasa kake, kuma ana koyar da Rashanci a cikinsu. Sai dai cikin masu nema 100 ba sa ɗaukar 10, ga biza ta yi wuya. Ba zan hana ka jefa ƙugiyarka ba, amma kada a ɗora tukunya saboda kifin da ke cikin wannan kogi. Jamus ta fi sauƙi ta wajen kuɗin makaranta, don yawancin jami'o'in gwamnatinta ɗan kuɗin zango kawai suke karɓa. Amma kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a asusun da aka kulle, yuro 11,904 a lissafin 2025, kuma digirin farko na fiziks yawanci da Jamusanci ake yin sa. Harshe na uku ke nan. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

To ga inda nake so ka buɗe kunne. Abubuwan nan biyu da kake so ba abinci ɗaya suke ci ba. Fiziks sai da malamai, sai da ɗakin gwaje-gwaje, sai da jarrabawa mai zafi, sai kuma da takardar digiri, don ba wanda zai ɗauke ka karatun gaba ko aikin bincike ba tare da ita ba. Harshe kuwa a bakin mutane yake. Ba wanda zai tambaye ka digirin Rashanci in ka buɗe baki ka yi shi, in ma ana son shaida akwai jarrabawar gwamnatin Rasha da ake kira TRKI, mai hawa shida, kuma hawan da suke ce wa na ɗaya, wanda shi ne na uku daga ƙasa, shi ake nema ga mai shiga digirin farko. Digirin Rashanci na wanda zai koyar da adabi ne ko ya yi aikin fassara. Kai littattafan Kawu kake so ka karanta, ka zauna da masu ilmin ka ji abin da suke cewa. Saboda haka ka zaɓi jami'a don fiziks ɗinta kawai. In fiziks ɗin da Rashanci ake koyar da shi, shi ke nan ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba tare da ka biya kuɗin na biyun ba.

Rashawa kuwa ba a ja da su a wannan fage. Ƙololuwarsu ita ce makarantar da suke kira Fiztek, a garin Dolgoprudny da ke gefen Mosko, wadda su Kapitsa da Landau da Semenov suka assasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma su ukun duk sun ci kyautar Nobel. Geim da Novoselov, da suka ci Nobel a 2010 saboda sinadarin girafin, daga nan suka fito. Akwai MEPhI a Mosko, uwar fannin nukiliya, mai reshe a Obninsk, garin da aka kunna tashar lantarki ta nukiliya a 1954. Akwai Jami'ar Mosko kanta, da aka kafa a 1755, da ta St. Petersburg. Waɗannan su ne sunayen da ejan zai yi ta kaɗa maka kamar kuge. Ni kuwa ba can zan tura ɗan mai fansho ba. Mosko gari ne mai cin kuɗi, kuma yaran da za ka zauna da su a Fiztek su ne zakarun gasar lissafi na ƙasarsu, tun suna sakandare suke wasa da kalkulas. Yaron da ya zo da harshen wata tara a bakinsa, ko da kansa yana ja, zai sha wuyar da ba dole ba ce.

Ka ɗaga ido ka dubi gabas. A Novosibirsk, tafiyar awa huɗu a jirgin sama daga Mosko, an gina unguwa sukutum cikin daji don masana kimiyya, ana ce mata Akademgorodok. Jami'ar da ke ciki ta fara aiki a 1959, kuma masu bincike na cibiyoyin da ke kewaye da ita, har da Cibiyar Budker ta nukiliya, su ne ke shigowa su koyar. Ɗalibi tun bai gama ba yake sa ƙafa a ɗakin bincike na gaske. A Tomsk, garin ɗalibai ne, akwai jami'ar gwamnati da kuma ta fasaha wadda aka kafa a 1896, ita tana da injin nukiliya nata na bincike da ɗalibai ke koyon aiki a kai. Akwai Jami'ar Ural a Yekaterinburg. Sai Kazan, babban birnin Tatarstan, wanda jami'arsa tun 1804 take, a nan masanin lissafi Lobachevsky ya yi shugabanci, a nan kuma Zavoisky ya gano a 1944 yadda ake bin sawun lantarkon cikin abu da maganaɗisu. Kazan gari ne mai Musulmi da yawa, da masallatai, da naman halal a kasuwa, abin da zai kwantar wa Inna hankali. Kuɗin makaranta da na zama a waɗannan garuruwa ya fi na Mosko sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da za ka biya a madadi shi ne sanyi. A Siberiya yakan kai 30 ƙasa da sifiri, har ya zarce, irin sanyin da hunturun Funtuwa in aka gwada da shi bazara ce. Rigar sanyi da takalmi a can ba ado ba ne, ka sa su cikin lissafi tun daga gida. Wani sauƙi guda dai, a 'yan shekarun nan azumi cikin hunturu yake faɗowa, ranakun gajeru ne.

Jami'ar Patrice Lumumba ta Mosko, wadda aka kafa a 1960 don ɗaliban Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ita kowa ya sani a nan. Ta iya karɓar baƙi, ba shakka. Amma inda 'yan gida suka yi yawa, Turanci da Hausa za ka wuni kana yi, kai kuma Rashanci ka je nema.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan wasiƙarka. Gwamnatin Rasha tana ware kujeru 30,000 a shekara na karatu kyauta ga 'yan ƙasashen waje, ana raba su ƙasa-ƙasa. Ana nema ta shafin Education in Russia a intanet, yawanci daga kaka zuwa farkon sabuwar shekara, ofishin jakadancinsu ko cibiyar al'adunsu ke tantancewa a kowace ƙasa. Cike takardar ba a biyan ko kwabo, kuma da hannunka za ka cike. Ana ba ka damar jera jami'o'i har shida, kada na Mosko su wuce biyu, na St. Petersburg ma haka. In ka dace, an ɗauke maka kuɗin makaranta har ka gama, har da shekarar koyon harshe, an ba ka gado a ɗakin kwanan ɗalibai kan ɗan kuɗi kaɗan, ana kuma ba ka alawus a wata. Kada kalmar alawus ta ruɗe ka, bai wuce cefanen 'yan kwanaki ba. Kuɗin jirgi, abinci, inshorar lafiya ta kowace shekara, gwajin asibiti, fassara takardunka zuwa Rashanci da buga musu hatimi a ma'aikatar ilmi da ta harkokin waje a Abuja da ofishin jakadanci, duk a wuyanka suke. Da can akwai shirin musayar tallafin karatu da gwamnatin tarayya ke yi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari, su ɗauke kuɗin makaranta, mu mu biya alawus. Ɗaliban shirin sun yi ta kukan watanni ba a biya su ba, a 2025 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da shi. Don haka in ka ji an ce karatu kyauta, ka ɗauki biro ka rubuta: wa zai ciyar da ni wata sittin? In amsar ita ce gonar Baba, to ka tuna kuɗin gona sau ɗaya ake karɓarsa, ciki kuwa kullum sai ya nema. Yaron da kuɗinsa ya yanke a shekara ta biyu ba digiri, ba gona, ba kuɗin jirgin dawowa.

Gaskiya ne tun 2020 doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki a lokacin da ba ya aji ba tare da neman izini na musamman ba. Amma ɗalibin fiziks a shekarunsa biyu na farko ba shi da wannan lokaci. Bari in gaya maka dalili, don shi ne abin da ejan ba zai taɓa faɗa ba.

Shekarar farko a sashen share fage za ka yi ta, su suna ce masa podfak. Safe da yamma Rashanci, daga baya a shigo da lissafi da fiziks da kemistiri cikin harshen. Bayan nan, ranar 1 ga Satumba, sai a zuba ka aji ɗaya da 'ya'yan gari, malami yana magana da saurin da yake yi wa 'ya'yansa. Jarrabawarsu kuma da yawanta ta baki ce. Za ka shiga, ka zari takarda guda daga kan tebur, wadda suke kira bilet, ka ga tambayoyin da rabonka ya ɗauko, a ba ka ɗan lokaci ka shirya, sannan ka zauna gaban farfesa ido da ido ka yi bayani. In ya ga ka haddace ne kawai, sai ya juya tambayar ta wata fuska ya zuba maka ido. Ba na kusa da za ka leƙa, ba zaɓi huɗu da za ka canka. Makinsu daga 2 zuwa 5 ne, 2 faɗuwa ce, in ka kasa biyan bashin darasi bayan damar da aka ba ka sai a sallame ka, kuma bizarka da takardar makaranta a ɗaure suke. Ni wannan tsari yana burge ni, don ɗalibin da ya ratsa shi ya san abin da ya sani. Amma ka ga yadda Rashanci ya tashi daga sha'awa ya zama numfashi. Wanda ya ci wannan jarrabawa shekara huɗu, wane digirin harshe kuma zai nema?

Harshen kansa kada ya ba ka tsoro. Baƙaƙensa 33 ne, mako guda ya ishe ka, kuma kai kana da rangwame, don daga baƙaƙen Girka aka samo su, waɗanda ka saba gani a lissafi: fai da gama da delta da lamda duk suna nan sun sake riga. Abin da zai yi maka dariya da farko shi ne mai kama da P ana karanta shi R, mai kama da H kuma N ne. Wuyar tana cikin nahawu, inda kowane suna ke sauya wutsiya iri shida gwargwadon aikinsa a jimla. Amma Bahaushe ya fi Bature shiri a wasu wuraren. Mu mun saba kowane abu namiji ne ko mace, rana ta fito, wata ya tsaya, su sun ƙara jinsi na uku ne kawai. Mun saba da fita da fito, kai da kawo, shiga da shigo, inda aikatau ke nuna ko nan aka nufo ko can aka dosa. Su ma da ɗan ƙari a goshin kalma suke wannan aiki, prinesti kawowa, unesti tafiya da abu. Ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani a nan yake tuntuɓe. Wani abin da watakila ba ka sani ba, ana koyar da Hausa a jami'o'in St. Petersburg da Mosko tun zamanin Sobiyet, an buga ƙamus na Hausa da Rashanci a Mosko a 1963 ƙarƙashin jagorancin Olderogge, kuma Rediyo Mosko ta daɗe tana da sashen Hausa, dattawa sun sani. Ma'ana akwai yaran Rasha da ke fama da ɓ da ɗ da ƙ kamar yadda za ka yi fama da nasu. In ka sami ɗaya ta intanet, ba ni gishiri in ba ka manda.

Dole kuma in faɗa maka abin da ba daɗi. Rashar da Kawu ya sani ba ita ce ta yau ba. Tun watan Fabrairun 2022 ƙasar tana yaƙi da Yukren, kuma ba mu manta yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Yukren a wannan shekara ba, wasu karatun ya tsaya ke nan. Jirage marasa matuƙa sun kai hari Mosko, sun kai har Kazan. Saboda takunkumi, katin Visa da Mastercard na bankunan waje ba sa aiki a can tun Maris ɗin 2022, Western Union ma ta rufe, don haka aika wa yaro kuɗi ya koma bi ta hannun wane da wane, inda ake yawan cin amana. Ta fuskar ilmi ma an yi asara. CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, ta yanke hulɗa da Rasha a ƙarshen Nuwamban 2024, ko da yake ta bar ƙofa ga cibiyar binciken nukiliya ta haɗin gwiwa da ke garin Dubna a Rasha. Amurka ta sa Fiztek cikin jerin takunkuminta, abin da kan iya jawo wa wanda ya fito daga can dogon bincike ranar da ya nemi biza ko aikin bincike a Yamma, musamman in fanninsa ya shafi nukiliya. Ga kuma wariyar launin fata, wadda ba kullum ba ce, ba kuma ko'ina ba, amma tana nan.

Sai ejan ɗinka. Kalmomi biyu a maganarsa suka tayar mini da gashin jiki: aikin yi, da kafin ƙarshen wata. Manyan kafafen labarai sun ba da rahoton yadda aka ɗebi 'yan mata daga ƙasashen Afirka da sunan karatu da aiki, suka tsinci kansu suna haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa a masana'antar Alabuga, a Tatarstan ɗin nan da na gama yabo. An kuma ba da rahoton samarin Afirka da aka yi wa alkawarin aiki, aka miƙa musu takarda da Rashanci suka sa hannu, ashe kwantiragin soja ce. Wani ɗalibi ɗan Zambiya da ke karanta injiniyan nukiliya a Mosko, tsautsayi ya kai shi kurkuku, daga can aka ɗauke shi zuwa fagen daga, ya mutu a Yukren a 2022. Ban ce ejan ɗinka yana cikin masu wannan sana'a ba, ban san shi ba. Amma gurbin gwamnati ba a sayar da shi, gurbin biya kuma kai da jami'a ne kai tsaye, kowacce tana da ofishin ɗaliban waje da ke amsa wasiƙa da Turanci. Ka tambaye shi sunan jami'ar da sunan kwas ɗin, ka rubuta musu da kanka. In ya fara kame-kame, ka ga amsarka. Kuma ka riƙe wannan har abada: kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, kada ka ba kowa fasfo ɗinka ya ajiye maka.

Akwai masu zagayewa ta maƙwabta. A Kazakistan, Jami'ar Al-Farabi ta Almaty tana da tsohon sashen fiziks, ana koyarwa da Rashanci, ƙasar Musulmi ce mafi yawa, ba ta cikin yaƙi, katin banki yana aiki. Belarus ma da Rashanci ake karatu a Minsk, sai dai ita ma takunkumin ya shafe ta. Matsalar dai kujerun kyauta a waɗannan wurare ba su kai na Rasha yawa ba.

Ka ce in ba ka shawara, to ga ta. Da ɗana ne kai, digirin farko a gida za ka yi. Na san ciwon jami'o'inmu, na san yajin aikin wata takwas na 2022, na san ɗakunan gwaji da kayansu suka tsufa. Amma dokokin Newton da lissafin Maxwell ba su sauya don an koyar da su a Arewa ba, kuma ba a kan tsandauri muke ba. A Zariya, nan kusa da kai, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke aiki tun 2004. In lokacin koyon aiki ya zo, nemi can. Kuɗin makaranta in ya yi nauyi, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ba ruwa a kansa. A cikin shekarun nan huɗu ka ba Rashanci awa ɗaya kullum, kamar yadda ake biya allo, ba fashi. Cibiyar Pushkin ta Mosko tana da darussa a intanet, Jami'ar Mosko da Fiztek kuma sun ɗora laccocinsu na fiziks kyauta. Dabarar ita ce ka kalli laccar darasin da ka riga ka yi a aji, don lissafin da ke kan allo ya zame maka tafinta. A haka za ka ji sila ƙarfi ne, skorost gudu ne, ba tare da ka buɗe ƙamus ba. Jami'ar Ibadan da ta Legas suna koyar da Rashanci a sashen harsunan Turai, in hutu ya kai ka Kudu ka je ka gai da malaman, mai neman ilmi ba a rufe masa ƙofa.

Ranar da ka gama, kana ɗan shekara 23 ko 24, da sakamako mai kyau da harshe a baki, ƙofofin sun fi na yau yawa. Akwai kujerun gwamnatin nan na digiri na biyu. Akwai gasar Open Doors da gamayyar jami'o'in Rasha ke shiryawa ta intanet, wanda ya yi nasara ya yi karatu kyauta, akwai fiziks a cikin fannoninta. Digiri na biyu shekara biyu ne, ka ga ciyar da kai wata ashirin da huɗu ba ɗaya yake da wata sittin ba, kuma in abu ya ɓaci ka dawo da digirinka na gida a aljihu. In kuma a lokacin iskar duniya ta juya, ga cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964, tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa shekara guda da cikakken tallafi, ga cibiyoyin lissafi na AIMS a Gana da Kamaru da Senegal da Ruwanda da Afirka ta Kudu. Rashancinka ba zai ruɓe ba a ko'ina ka faɗa.

Ban ce kada ka nemi kujerar gwamnatin Rasha bana ba. Nema kyauta ne, cike ka aika kana cikin ajinka. In ta fito, a zauna da Baba da 'yan'uwa a yi lissafin shekara biyar a rubuce, har da kuɗin jirgin dawowa a ajiye gefe ba a taɓawa. In lissafin ya tashi ba tare da gona ba, kuma Baba da Inna sun sa albarka da sanin halin yaƙin da ake ciki, ka sa Tomsk ko Novosibirsk a gaba. In bai tashi ba, ba ka yi asarar komai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka saki reshe ka kama ganye.

Wata tambayar da ba ka yi ba, Baba kuwa na tabbata tana ransa: bayan duk wannan, aikin me? Kada ka gina rayuwarka kan tashar nukiliyar Nijeriya. An sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, a 2017, har yau ba a ga gini ba, alhali a Masar suna gina injuna huɗu a El Dabaa. Ajaokuta kanta, da aka ba kamfanin Sobiyet kwangilarta a 1979, ka fi ni sanin yadda ta ƙare da su Kawu. Abin da ke hannu shi ne koyarwa a jami'a, bincike, fiziks na asibiti wajen gashin ciwon daji da na'urorin hoto, binciken ƙarƙashin ƙasa na mai da ma'adinai, da aikin kwamfuta, wanda ɗaliban fiziks ke shiga cikin sauƙi. Ka koyi rubuta manhaja tun yanzu.

Ka ce fiziks ne ƙarfinka. Akwai littafin tambayoyi na Irodov da ɗaliban Rasha ke gumi a kansa, an fassara shi da Turanci. Nemo shi, ka zauna da babin farko wata guda. In ka warware kaɗan ka ji daɗin wahalar, hanyar taka ce. In ba ka yi lissafi mai zurfi a sakandare ba, fara da kalkulas tukuna, don yaran can da shi suke shigowa jami'a.

Akwatin nan kuma, a fitar da shi daga ƙarƙashin gado a kakkaɓe, a duba ko gara ta shiga. Ka koyi baƙaƙen nan 33 cikin makon nan, sannan ka ɗauki littattafan ɗaya bayan ɗaya ka karanta sunan da ke bangon kowanne da ƙarfi, Baba yana ji. Ba zan yi mamaki ba in ka tarar da Irodov ɗin a ciki da harshensa na asali, ko wani juzu'i daga cikin littattafan fiziks goma na Landau da Lifshitz. Ka rubuto mini sunayen, zan gaya maka wanda za ka fara da shi.